Hannayen Huseina

Sista Asiya, ma'aikaciyar jinya, ta jiƙa tsumman da ruwan gishiri, ta soma ɓamɓare shi a hankali daga tafin hannun yarinyar. Ya riga ya kama nama, duk inda ta ja sai ya taso da fata. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Leɓe kawai ta cije, ta kafa wa fankar da ba ta juyawa ido.

"Matso ki gani da idonki, Malama Safara'u," in ji Sista Asiya. "Kar gobe a ce ni na ƙara gishiri."

Safara'u ta matso. Warin ne ya fara tarbar ta. Tafukan duka biyun sun saluɓe, gefe-gefe ya yi ruwa, amma bayan hannun lafiya lau, har da sauran jan lalle a farce.

"Wanda ya faɗa wuta ba haka yake ƙonewa ba," in ji Sista Asiya, ta rage murya. "Ki duba, tafi kaɗai, dama da hagu, kamar an auna. Danna su aka yi a kan wani abu. Kuma ba jiya aka yi ba. Da matar malamin Islamiyyarsu ba ta shiga gidan neman ta ba, da sai dai wani zancen."

Safara'u ta gyaɗa kai. Ma'aikaciya ce a sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, ta kuma ga irin wannan ba sau ɗaya ba, balle a shekarun nan da kwanon masara ya fi ƙarfin magidanci, zuciyar mutane ta dawo kusa. Amma yau ba ciwon ne kaɗai ya dame ta ba.

Da safe shugaban sashensu, Malam Tasi'u, ya kira ta a waya. Ya ce an kai wata yarinya asibitin sha-ka-tafi na bakin titi, daga Kwarin Gawo, gidan marigayi Sabo mai gyaɗa, ta je ta bincika. Tana jin sunan gidan ta gane shi. A gidan ta girma. Matar gidan, Gwaggo Barira, yayar mahaifinta ce, ita ta ɗauke ta tana rarrafe bayan rasuwar uwarta, ita ta yi ta matsar mai da tuyar ƙuli-ƙuli har Safara'u ta gama kwaleji a Bici. Ƙa'idar aikinsu kuwa ba ta da lauje cikin naɗi: in wanda ake zargi naka ne, ka faɗa, ka janye, a ba wani. Safara'u ta san wannan kamar yunwar cikinta. Amma da ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "To, Yallaɓai."

A kan acaɓa ta yi ta lallashin kanta. Wataƙila haɗari ne. In ma ba haɗari ba ne, gara ita da baƙo wanda zai zo da 'yan sanda a ja tsohuwa a gaban jama'a. Za ta duba ne kawai, in ya so daga baya ta faɗa.

Da Sista Asiya ta gama naɗe hannayen ta fita wanke kayan aiki, Safara'u ta jawo benci ta zauna daidai kan yarinyar. Ba ta taɓa ganin ta ba. Ba za ta wuce shekara bakwai ba, siririya, wuyanta kamar a taɓa ya karye.

"Yaya sunanki?"

"Huseina."

"Huseina, ni sunana Anti Safara'u. Aikina shi ne in ji abin da ya sami yara. Duk abin da kika gaya min, ba wanda zai taɓa ki. Kin ji?"

Yarinyar ta dube ta, ta dubi ƙofa. Safara'u ba ta matsa mata ba. Ta ɗauki kwali tana yi mata fifita, tana tambayar ta abin da ba ya ciwo: ina Hassanarta, izu nawa ta kai, wa yake mata kitso. A hankali bakin ya buɗe. Hassana ta rasu tun suna jarirai. Garinsu yana can yamma, masu bindiga suka tashe su. Innarta ta rasu a hanya. Babanta ya kawo ta wajen Gwaggo bayan kaka, ya ce zai dawo.

"Hannun fa, me ya same shi?"

"Gyaɗa na ci."

"Sai aka yi yaya?"

"Ta cikin tukunya ce. Gwaggo ta ce ba a taɓawa. Ni kuma cikina yana murɗa min." Ta haɗiye yawu. "Sai ta kamo ni, tana suya, sai ta..."

"Salamu alaikum."

Safara'u ta san muryar tun kafin ta waiga. Gwaggo Barira ce tsaye a bakin ƙofa, riƙe da ƙaramin kwano an rufe da faifai. Ta rame ƙwarai, mayafin da a da yake zama mata daidai yanzu har ƙasa yake ja. Ta ƙyafta ido don duhun ɗakin, sai ta saki baki.

"Safare? Ke ce? Allah mai iko! Ashe ke aka turo."

Safara'u ba ta san lokacin da ta sauka daga bencin ba. Jiki ya riga tunani. Sai ganin kanta ta yi a durƙushe a kan siminti, kai a ƙasa, tana cewa, "Ina kwana, Gwaggo? Mun same ku lafiya?" Tsohuwar ta dafa kanta tana sa mata albarka.

Da ta ɗago, idon Huseina yana kanta. Yarinyar ta dubi hannun da ke kan Safara'u, ta dubi fuskar Safara'u, sannan ta juya ta fuskanci bango.

Sista Asiya ta dawo ta tarar da su haka. Ta nemi tsohuwar ta jira a waje. Safara'u ta koma kan benci, ta ɗauki kwalin.

"Huseina, ci gaba. Tana suya, sai ta yi me?"

"Faɗuwa na yi."

"Ɗazu kin ce ta kamo ki."

"Faɗuwa na yi. Tuntuɓe na yi na dafa kasko."

Ko sau nawa aka juya tambayar, amsar ke nan, da murya ɗaya, kamar mai biya karatun allo. A baranda Sista Asiya ta tare ta.

"Wace ce ita a wajenki?"

"Gwaggona ce. Ita ta riƙe ni."

"Kin sani kafin ki zo?"

Safara'u ta gyaɗa kai.

"Hmm," in ji Sista Asiya. "Tun jiya nake fama da yarinyar nan ta yi magana, sai yau ta yarda da mutum." Ta shige ɗakin magani, ta bar ta tsaye.

Bincike ba ya cika sai an ga gida, don haka suka taka tare da Gwaggo zuwa Kwarin Gawo. Rana ta take. Gonaki manne da juna har iyakar gani, an share, an jera taki tsibi-tsibi, kowa yana jiran ruwan shuka. Duk wanda suka gamu da shi sai ya tsaya: "A'a, Safara'u ce a gari? An tuna da mu ke nan." Kowace gaisuwa kamar ana tsira mata allura. Rabonta da hanyar nan tun kafin a cire amfanin gona. A da duk ƙarshen wata takan aiko da hatsi da ɗan abin miya. Da kuɗin man fetur ya tashi, albashi ya daina kai wata, sai aiken ya tsaya. Kunyar zuwa hannu rabbana ta hana ta zuwa, kunyar rashin zuwan kuma ta hana ta ko kiran waya.

Dangar karan gidan ta kwanta ta gefe guda. Rumbun da ta saba gani a tsakar gida yana nan, an cire masa hula, ba komai a ciki. Yara uku, 'ya'yan Badaru ɗan Gwaggo da ya tafi kudu neman kuɗi aka daina jin ɗuriyarsa, suna zaune a inuwar ɗaki suna tsotsar ƙwallon goruba. Kaskon suya yana kife a kan murhu. Safara'u ta san shi, har tsagar da ke bakinsa. A gabansa ta koyi juya gyaɗa da mara. Ta tsaya tana kallon faɗinsa. Tafin hannun yaro biyu za su zauna a ciki daidai.

Gwaggo ta shimfiɗa mata tabarma a ɗaki, ta kawo ruwa a moɗa. Safara'u ta karɓa ta sha, tana sha tana sanin bai kamata ba.

"Gwaggo, yarinyar ta ce faɗuwa ta yi."

Tsohuwar ta zauna a bakin tabarmar.

"Haka ta ce?"

"Haka ta ce."

"Allah sarki." Ta goge ido da bakin zane. "Ba faɗuwa ta yi ba, Safare. Ke ba zan yi miki ƙarya ba. Ni ce."

Safara'u ta ji kamar ta toshe mata baki. Da tsohuwar ba ta faɗa ba, da sai Safara'u ta koma ofis da maganar yarinya kawai.

"Irin gyaɗa ne," in ji Gwaggo. "Shi kaɗai ya rage mana a duniya. Ni da nake matsar tawa, yau ta mutane nake soyawa a ba ni ɗan abin da za a ba ni. Na ƙulle irin nan a tukunya na liƙe baki. Mu kwana da yunwa, ina kallon tukunyar, ban taɓa ba. Na ce in ruwa ya sauka mu shuka, ko yaran nan sa ga baɗi. Ranar ina kan suya na ga ɓawo a bayan ɗaki. Na buɗe tukunya, ta yi rabi. Wallahi ban san lokacin da na kamo ta ba. Sai ihunta ne ya dawo da ni."

"To me ya hana ki kai ta asibiti?"

"In ce musu me? In kai ta da me? Na shafa mata man kaɗe, na ɗaure. Na ce zai kame." Muryarta ta karye. "Da ubanta ya kawo ta, gida nawa ya shiga aka ce ba wuri? Ni na ce a bar min ita. Ke shaida ce, na taɓa ɗora miki ko tsinke?"

"Ba ki taɓa ba."

"To ki rufa min asiri, 'yar nan, Allah ya rufa naki. In aka tafi da ni, waɗancan ukun wa zai ba su ko ruwa? Ban ce ban yi laifi ba. Tun ranar ban runtsa ba. Amma tun da Allah ya sa ke ce, ai ya ji kukana."

Safara'u ta buɗe baki ta ce wani abu game da aiki da amana, sai ta ga tsagewar da ke diddigen tsohuwar, da hannayen nan da wutar suya ta cinye saboda ita. Abin da ta iya cewa shi ne, "Bari in je ofis, Gwaggo." Tsohuwar ta ɗauki wannan a matsayin alkawari. Har zaure ta rako ta tana addu'a.

Bayan azahar ta isa sakatariya. Ba wuta, don haka Malam Tasi'u ya fito da kujerarsa ƙarƙashin darbejiya, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Dattijo ne mai sanyin hali, saura kaɗan ya yi ritaya. Ta gaishe shi, ta zayyana masa abin da ta gani a hannun da abin da yarinyar ta faɗa daga ƙarshe. Sannan ta ja numfashi.

"Yallaɓai, akwai abin da ya kamata in gaya maka tun da safe. Matar nan gwaggona ce. A hannunta na tashi."

Ta sunkuyar da kai tana jiran faɗa. Sai ta ji ya yi 'yar dariya.

"Haba Safara'u. Wa ye a ƙasar nan bai san Barira mai ƙuli ce ta riƙe ki ba? Ai saboda haka na tura ki."

Ta ɗago.

"Tun asuba dagacinsu ya kira ni," in ji shi. "Ya ce a taimaka a kashe wutar nan a cikin gida. Na duba, na ga ba wanda zai fi ki sanin yadda za a lallaɓa. Yarinya da bakinta ta ce faɗuwa ta yi, ko? To me ya rage? Ki ja wa tsohuwa kunne, a yi wa yarinya magani, ta koma."

"Ta koma gidan?"

"To ina za ta? Ki gaya min. Gidan marayu na birni a cike yake. Motarmu tana can a kan duwatsu. In muka kai maganar nan gaba, a kama tsohuwa, yara huɗu sun zama namu, mu da ko kuɗin alli ba mu da shi. Ba mugunta nake nufi ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Karin maganar ya faɗo mata a wani irin wuri. Warin ɗakin asibitin ya dawo mata a hanci.

Ta yini tana jin kanta ɓarauniya, tana ganin ita ce ta ɓoye wa ofis magana. Ashe ofis ne ya nemi murfi, ya duba, ya ga ita ce daidai bakin tukunyar. An san za ta yi shiru tun kafin ita ta sani. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba a yi kuskuren lissafi ba. Kuma maganarsa ba duka ce ƙarya ba. Tana iya cewa to a karo na biyu. Ta koma aika hatsi, ta riƙa leƙawa duk Juma'a, ta sa ido. Wa zai fi ta kula? Sai dai ta tuna yadda yarinyar ta juya ta fuskanci bango. In gobe wani abu ya sake faruwa a gidan, wa Huseina za ta gaya wa? Matar da ta gani durƙushe?

"Yallaɓai, Gwaggo ta gaya min da bakinta ita ta yi."

Ya ɗaga hannu. "Ban ji wannan ba."

"Ni na ji. Kuma ba zan iya riƙe binciken nan ba. Ko na ce faɗuwa ce, ko na ce ba faɗuwa ba ce, maganata ba ta da tsarki. Zan kira Hajiya Kulu ta ofishin shiyya, ta turo wanda bai san kowa ba."

Ya ɗauki hularsa ya sa, ya gyara mata zama.

"In kika kira ta, ya fita daga hannuna. Abin da zai sami gwaggonki ba ni da iko a kai. Kuma ke za a fara tambaya, me ya kai ki tun farko."

"Na sani."

"Danginku ba za su yafe miki ba."

"Wannan ma na sani."

Ya kau da kai. "Allah ya ba da sa'a," in ji shi, ba yabo ba fallasa.

A bakin ƙofar sakatariya ta tsaya ta kira. Hajiya Kulu mace ce mai gajeren zance. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ta ba.

"Kin yi magana da yarinyar?"

"Na yi, Hajiya."

"Ta san dangantakarku?"

"Ta ga ina gaishe ta. Daga nan ta canza magana."

"Innalillahi. Kin ɓata mana rabin aikin, Safara'u. Yaron da ya rufe baki irin wannan, buɗe shi sai Allah." Ta yi ajiyar zuciya. "Gobe zan zo da kaina. Abin da matar ta gaya miki, shaida ce yanzu, za ki maimaita a gabana. Su ma sauran yaran za mu duba su, ba kama mutane kaɗai muka iya ba. Ki je ki gaya wa ma'aikaciyar jinyar kar ta sallami yarinyar ga kowa. Ke kuma kar ki sake ce wa yarinyar uffan. Ko i, ko a'a. Kin ji ni?"

"Na ji, Hajiya."

La'asar ta yi sanyi lokacin da ta koma asibitin. Hadari ya ɗan taso ta gabas, manoma a bakin titi suna ta ɗaga kai. Ta sami Sista Asiya zaune a gefen gado da kofin kunu da cokali, tana ba Huseina a baki, don hannayen suna naɗe kamar ƙunshi biyu a kan cinyarta. Safara'u ba ta shiga ba. Daga bakin ƙofa ta yafito ta, ta faɗa mata saƙon Hajiya Kulu ƙasa-ƙasa.

"Ke kika kira ta?" in ji Sista Asiya.

"Ni ce."

"Tsohuwar ta sani?"

"Tukuna. Tana can tana sa min albarka."

Sista Asiya ta dube ta, fuskarta ta ɗan saki. Ta taɓa mata kafaɗa, ta koma wajen gadon. Safara'u ta gyara jakarta za ta juya.

"Anti."

Ta tsaya cak. Huseina ce, ta ɗago kai daga matashi, kunu a gefen bakinta.

"Anti, in kin je gida, ki gaya wa Gwaggo ban faɗa ba."

Maganganu suka zo wa Safara'u a rai. Ta so ta ce ba laifinki ba ne, ta so ta ce gobe ki faɗi gaskiya, ta so ta ce ki yafe min. Ba ta da izinin ko ɗaya. Ta riƙe ƙyauren ƙofar da hannu biyu.

"Ha, buɗe baki," in ji Sista Asiya, ta miƙa cokali.

Yarinyar ba ta buɗe ba. Idonta yana kan Safara'u, tana jiran a ce mata to.